Yadda Aka Mai Da Ni 'Yar Mishan Ban Sani Ba

Aikin jinya ne ya kai ni Jidda. Wani asibiti mai zaman kansa ya ɗauke ni, na sa hannu a kwantiragi, aka ba ni iƙama, wato katin izinin zama, an rubuta sana'ata da addinina a jikinta. Ban ɓoye wa kowa cewa ni Kirista ce ba, kuma babu wanda ya taɓa tsangwama ta a kan haka.

Cocin da na tashi a cikinsa a garinmu na ɗariƙar Presbyterian ne, irin wanda fasto ba ya yanke magana shi kaɗai sai majalisar dattawa ta zauna. Aikin mishan shi ne abin alfaharinmu. Akwai mutanen da ikilisiya ta aika ƙasashen waje, wasu Chadi, wasu Nijar, kuma mu ne cinsu da shansu. Ba mu da masu kuɗi. Zumuntar mata tana da gonar gyaɗa da ake nomawa dominsu, matasa kan wanke motoci a tasha ranar Asabar, sannan kowace shekara akan ware makon mishan, a yi addu'a, a yi baiko, wato a tara gudummawa, a ba da labarin waɗanda aka aika. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne shugaban kwamitin mishan tun ina firamare. Tsohon malamin makaranta ne, mai tsoron Allah, kuma bai taɓa fita Najeriya ba.

Kafin in tafi dattawa suka kira ni gaban ikilisiya suka yi mini addu'a. Da aka tashi na ja Kawu gefe.

Na ce, "Kawu, ƙasar da zan je tana da dokarta. Mutum ya yi addininsa a ɗakinsa, babu ruwan kowa. Amma a ce yana wa'azi, ko a ce coci ne ya turo shi, wannan babban laifi ne a can. Don Allah kada a sa sunana a maganar mishan."

Ya yi murmushi ya dafa kaina. "Je ki yi aikinki, 'yata. Mu namu addu'a ne."

Na ɗauka mun fahimci juna.

Zamana a Jidda ba shi da wani yawa. Daga masaukin ma'aikata zuwa asibiti, motar asibiti ta kai mu ta dawo da mu. Ɗaki ɗaya muke da wata nas 'yar Filifin, ita ma Kirista. Ranar hutunmu mukan rufe ƙofa mu karanta Littafi Mai Tsarki a waya, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa, shi ke nan sujadarmu.

Wata rana ina waya da Mama a bayan ɗakin kwantar da mata a asibiti, sai na ji an ce, "Ya binti, 'yata, Hausa nake ji?" Na juya na ga wata dattijuwa riƙe da zannuwan gado. Tana cikin masu taimaka mana, su ke gyara gadaje, su tura marasa lafiya zuwa ɗakin hoto. Kowa Khala yake ce mata, wato inna da Larabci, ni ma na bi sahu. Kakanninta ne suka taho aikin Hajji daga ƙasar Kano, ba su koma ba. A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ta, a nan ta yi aure ta haihu, har aka rushe unguwar ta koma wani ɗan gidan haya mai nisa. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba, kuma ba 'yar ƙasar Saudiyya ba ce. Da iƙama take zaune kamar ni, ita da 'ya'yanta, kowa da kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Babban ɗanta direba ne a gidan wasu masu hali a unguwar Abhur.

Matar nan ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ita ta kai ni kasuwar Bab Makka ta nuna mini inda ake samun atamfa da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta hana ni buɗe baki a wajen ciniki domin Larabcina zai sa a ninka mini kuɗi. Na sha zuwa gidanta ranar Juma'a. Idan lokacin salla ya yi sai ta miƙa mini kofin shayi ta shige ciki, ni kuma in zauna da jikokinta, waɗanda suke jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini. Sau ɗaya ta taɓa tambaya ta ko muna azumi. Na ce muna yi. Ta ce, "Tayyib, ya yi kyau," ta ci gaba da yanka albasa. Iyakar maganar addini tsakaninmu ke nan.

Duk wannan nakan ba Mama labari a waya, don hankalinta ya kwanta ta san ba ni kaɗai nake ba. Har hotona na tura mata, ina sanye da kayan aiki a bakin ɗakinmu.

Wata ranar Litinin da safe, muna cikin mota za mu aiki, wata 'yar uwata ta turo mini bidiyo, ta rubuta a ƙasa, "Mun gan ki, 'yar mishan ɗinmu." Na sa abin ji a kunne na buɗe. Cocinmu ne, rufe makon mishan. An rataye babban ƙyalle a bayan bagadi da hotunan waɗanda aka aika, kuma ga ni nan a tsakiyarsu, hoton nan da na tura wa Mama, an ƙara masa girma har ana iya karanta sunan asibiti a katin da ke ƙirjina. Kawu yana tsaye da abin magana a hannu.

Yana cewa, "Ga kuma 'yarmu, wadda Ubangiji ya buɗe wa ƙofar da ba a taɓa buɗe mana ba. Tana Jidda, dab da Makka. Da rigar nas ta shiga, amma mun san wanda ya aike ta. Har ta samu wata mata a wurin aikinta, Bahausa haifaffiyar can, tana shiga gidanta tana cin abinci da iyalinta. Mu yi wa matar nan addu'a, ita da gidanta duka."

Jama'a suka amsa da amin, aka yi guɗa, aka fara waƙar baiko. Na duba na ga ba a zauren hira na 'yan coci kaɗai aka sa shi ba. A shafin coci na intanet yake, a buɗe, kowa a duniya yana iya gani.

Na kifa wayar a cinya na danne ta da hannu biyu kamar za ta yi magana da kanta. Da muka iso ƙofar asibiti mai gadi ya kalli katina kamar yadda yake yi kullum, ni kuwa na tsaya cik, sai da ta bayana ta ce, "Yalla, mu je, sista."

Lokacin hutun rana na sauka matakalar baya inda babu kowa na kira Kawu. Ya ɗauka da murna. Ya ce ba a taɓa yin makon mishan mai albarka irin wannan ba, mutane sun yi kuka, har waɗanda ba sa ba da komai sun bayar.

Na ce, "Kawu, na roƙe ka kafin in taho. Ni ba 'yar mishan ba ce. Ban taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Matar nan abinci kawai ta ba ni."

"Kowane mai bi ɗan aike ne, 'yata. Ko ba ki buɗe baki ba, zamanki a can shaida ne."

"To a bar shi tsakanina da Allah. Idan hukuma ta ga bidiyon nan za a iya tsare ni. Don girman Allah a cire shi yau."

Ya ce tsoro ba daga wurin Allah yake ba. Da na matsa, sai ya faɗi abin da na san zai faɗa, domin a cikin tsarin na girma. Majalisar dattawa ce ta amince a sa, majalisa ce kaɗai za ta ce a cire, kuma za su zauna ranar Lahadi bayan sujada.

Ban san yadda na yi aikin makon nan ba tare da na ba wani maganin wani ba. Kowace dama na samu sai in shiga banɗaki in duba shafin. Da farko 'yan cocinmu ne ke rubuta amin. Daga baya wani ya kwashe bidiyon ya kai zauren 'yan garinmu, inda Musulmi da Kirista suke haɗe, nan kuma magana ta canza. Wasu suka ce a yi haƙuri tsoho ne ya yi suɓul da baka, wasu suka ce ai ga irin abin da ake ƙullawa a ƙasa mai tsarki. Wani da ban sani ba ya rubuta cewa yana da 'yan uwa a Jidda, ya san asibitin.

Na gaya wa abokiyar ɗakina, domin haƙƙinta ne ta sani. Ta kalli bidiyon, ba ta jin Hausa, amma ta ga gicciye ta ga hotona. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce tana da 'ya'ya a makaranta a gida, ita ce ke riƙe da su. Daga ranar ba mu ƙara yin waƙa a ɗakin ba, kuma a mota ta koma zama can gaba. Ban ga laifinta ba. Ni ma na fita daga duk zaurukan coci da ke wayata, na goge waƙoƙin, na haɗa 'yar jaka da kaya kala biyu da takardun makarantata na ajiye a bakin gado. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa sai in dubi jakar. Wata safiya motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar asibiti, na tsaya a taga riƙe da tiren allura ina kallo har suka fito da wani yaro da ya yi hatsari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Khala. Kullum ina niyyar in gaya mata, kullum in kasa. Ranar Laraba ta same ni a ɗakin ajiye zannuwa, ta shigo ta tura ƙofa da ƙafa. Ba ta gaishe ni ba. Ta ɗago wayarta.

"Esh hada? Mene ne wannan? Ke ce a ciki?"

Ɗanta ne ya gani a zauren direbobi Hausawa ya turo mata.

Na ce ni ce, na fara bayani, ta katse ni.

"Bar maganarki ke. Wace ce matar? Bahausa nawa ke aiki a ɗakin nan? Gidan wa kike zuwa?"

"Khala, na rantse ban taɓa cewa haka ba. Mamata na ba labarin kirkinki, ita kuma ta gaya wa yayanta."

"Na gan ki ba ki da kowa na ce ki zo ki ci abinci. Na zaunar da ke cikin jikokina." Muryarta ba ta tashi ba. "Yanzu an tara mutane a kanisa, a cocinku, ana yi wa gidana addu'a, duniya na kallo. Yarona iƙamarsa ta kusa ƙarewa. Idan kafilinsa ya ga wannan ya ce halas, ya gama da shi, ba ya son mushkila, me zan ce masa?"

Ta ce, "Ke in an kore ki kina da gida. Jirgi zai sauke ki, mamanki na jiran ki. Ni in aka ce tarhil, a mayar da ni ƙasata, ina za a kai ni? Wa na sani a Kano? Kabarin uwata a nan yake."

Ta ɗebi zannuwan da ta zo ɗauka ta fita.

Da na tashi aiki na kira Mama. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na gaya mata abin da Khala ta ce, kalma da kalma. Mama mace ce da ba ta magana a taro, kuma duk rayuwarta ba ta taɓa musa wa yayanta ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na ji. Ajiye wayar."

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi. Washegari da sassafe ta tafi gidan wani tsohon ɗan mishan ɗinmu da ya yi shekaru a Chadi, yanzu ya tsufa idonsa ya yi rauni. Ta riƙo hannunsa suka taka har gidan fasto, ta shimfiɗa ɗankwalinta a bakin ƙofa ta zauna, ta ce ba za ta tashi ba sai dattawa sun zo. Matan zumunta suka ji labari suka riƙa zuwa suna zama kusa da ita. Kafin rana ta take aka tattaro dattawan, wani daga gona, wani daga shago. Tsohon ya ba su labarin wani mutum da ya taɓa ba shi ɗaki a wani ƙauye, Musulmi, don kirki kawai. Ya ambace shi a rahoton da ya aiko gida, aka buga a takardar coci, takardar ta zaga ta koma can, mutumin ya rasa gonarsa da zaman garin. Ya ce har yau idan ya tuna ba ya iya cin abinci. Mama ta ce babu wanda ya yi gardama bayan haka. Aka kira mai kula da shafin ya cire bidiyon a gabansu, aka sauke ƙyallen.

Kawu ya kira ni da yamma. Muryarsa ta zama ta tsoho sosai. Ya ce, "Ban san haka abin yake ba, 'yata." Ya tambaye ni yadda za a yi da baikon da aka tara da sunana. Na ce a aika wa na Chadi da Nijar, su ne aka aika. Ya ce to. Daga nan katin wayarsa ya ƙare.

An cire daga shafin coci, amma wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane babu mai iya cire shi. Mako na gaba aka ce mudir, shugaban ma'aikata, yana nema na a ofis. Na bi doguwar barandar nan ina jin ƙarar takalmina kamar na wani. Mutum ne mai furfura, ba ya fara'a, ba ya kuma faɗa. Ya ce in zauna. Ya juyo mini da wayarsa, ga Kawu a tsaye da abin magana. Ya ce wani ya turo masa tare da fassara.

Ya tambaye ni ko coci ne ya turo ni. Na ce a'a, kamfanin ɗaukar ma'aikata ne, takarduna suna hannunsu. Ko coci na biya na wani abu. Na ce a'a. Ko na taɓa yi wa marar lafiya ko ma'aikaci maganar addini, ko na ba wani littafi. Na ce ban taɓa ba. Na ce mai maganar kawuna ne, tsoho ne da bai san ƙasar nan ba, ya faɗi abin da yake fata ne, ba abin da ya faru ba, kuma an riga an cire.

"Matar fa?"

Na ce, "Mace ce da ta ji tausayin baƙuwa ta ba ta abinci. Ba ta san komai ba. Idan akwai laifi, a kaina yake."

Ya ce, "Na san ko wace ce. Na riga na tambaye ta."

Bai gaya mini abin da ta ce ba. Ya kife wayar a tebur ya ce shi a wurinsa magana ta ƙare a ɗakin nan, aikina ba shi da aibu. Amma idan aka zo daga waje aka tambaye shi, zai faɗi abin da ya sani, ba zai ɓoye komai ba. Ya ce in koma bakin aiki.

Haka na ƙarasa watannin da suka rage mini, ina jiran a zo daga waje. Ba a zo ba. Amma ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba, na daina zuwa kasuwa, kuma duk baƙon da ya yi mini Hausa a asibiti sai in amsa masa da Turanci in wuce. Rigunan aikina suka yi mini yawa.

Khala ta nemi a mayar da ita ɗakin yara, aka mayar da ita. Idan muka haɗu a hanya takan amsa gaisuwata, ba ta tsayawa. Wata nas 'yar Sudan da ke ofis ranar da aka kira Khala ce ta gaya mini abin da ta faɗa wa mudir. Khala ta ce yarinyar nan ta ci abinci a gidanta sau da yawa, ba ta taɓa ce mata komai ba sai sannu da aiki, kuma idan ana so ta rantse za ta rantse. Ta faɗi haka ne 'yan kwanaki bayan maganarmu a ɗakin zannuwa, lokacin da ko kallo na ba ta son yi.

Ana saura 'yan makonni in tafi muka haɗu a lif, mu biyu da wani jariri da take turawa a gadonsa. Ba ta dube ni ba. Tana gyara wa jaririn bargo ta ce, "An sabunta wa yarona iƙamarsa."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Khala." Hawaye suka zubo mini, na rasa inda zan sa fuskata.

Ta ce, "Halas, ya isa. Share idonki, za a buɗe ƙofa."

Da kwantiragina ya ƙare ban nemi a sabunta ba, su ma ba su yi mini tayi ba. A filin jirgi, lokacin da jami'in ya karɓi fasfona ya tsaya yana duba na'urarsa, na ƙura masa ido. Ya buga hatimi ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba. Sai da jirgi ya tashi, na ga teku a ƙarƙashinmu, sannan na lura har lokacin ina riƙe da fasfon da hannu biyu.